Sitiyarin Roba

A kasuwar Katako na saye shi, can Yamai,
jikka arba'in, bayan cinikin da ya sa ni gumi:
sitiyarin roba, da birki da totur na takawa.
Na rungume shi a bas kamar jinjiri,
har muka sauka Tawa ban runtsa ba a hanya.

Shagona ɗaki guda ne, tele uku, benci biyu,
da fanka mai kukan tsohuwar akuya.

Na ɗaure shi a tebur, yara suka yi dafifi.
Nafi'u, sarkin manet, wanda yatsunsa ba su san kaye ba,
ya kama, ya murɗa, mota ta kama rawa,
ta sumbaci katanga sau huɗu kafin kwana ta biyu.
Ya ce, "Wannan abu nawa gare shi,
in na ce masa dama sai ya tsaya shawara.
A ba ni manet ɗina." Ya koma benci da kunya.

Barira ta ce ba laifin sitiyari ba ne, saiti ne.
Ta shiga ta rage masa nisan juyi,
ta zo ta uku, ta ce da daɗi,
sai dai kafaɗa na ciwo, kuma tebur yana gudu da taya.

Ni dai jikkata arba'in nake gani tana ƙonewa,
ina lissafi a zuciya.

Sai ga Kawu Abarshi daga wurin mai shayi.
Shekara talatin da ɗaya yana jan tanka,
Tawa, Agadas, Arlit, ya juyo,
har gwiwa ta ce masa ya isa.
Ya tuɓe takalmi. Ya yi bismilla.
Ya nemi madubi, babu.
Hannunsa na dama ya lalubi iska, wurin giya.

Aka tashi. Kowa ya fice kamar kibiya,
Kawu na tafe da sittin.
"Kawu, tsere ne fa!"
Ya ce, "Sauri ya haifi nawa."
Yara suka faɗi ƙasa don dariya.

Can kwalta ta ƙare, tsakuwa ta fara,
sitiyari ya soma karkarwa a tafinsa.
Kawu ya bar magana.
Gindin mota ya zame hagu,
kafin ido ya gani hannu ya riga ya tare,
ya sassauta, ya ba ta kaɗan, ya karɓe,
kamar mai lallashin saniya.

Ba wanda ya ƙara tari.
Ya ce, ba da mu yake ba, "Bayan Abalak ke nan,
inda ramuka suka cinye hanya."

Na ƙarshe ya zo, ba ko ƙwarzane a jikin motar.
Na ce, "Kawu, yaya? Ya yi, ko an cuce ni?"
Ya daɗe yana shafa robar.
"Hannu ya yarda," ya ce. "Ƙugu bai yarda ba.
Mota da ƙugu ake jin ta, wannan benci kurma ne.
Kuma na ga yaron can ya kife sau uku,
ya danna wani abu, ya tashi garau.
Hamidan, yaron motata, sau ɗaya ya faɗo daga saman tanka.
Na nemi abin dannawa a duk faɗin dajin,
ban samu ba. Nan ne wasanku ya yi ƙarya."

Nijelek ta ɗauke wuta.
Fanka ta yi shiru, yara suka watse suna tsaki.
Da hasken salula na gan shi zaune,
hannu biyu a kan sitiyari, yana ɗan juyawa,
cikin duhu yana tafiya.

Yau tun ban gama shara ba ya iso,
ya ajiye dala ashirin a tebur,
ya tuɓe takalmi.
"Sa mini waccan," ya ce, "mai tsakuwa, ta jiya."